Rantsuwar da Babanku Bai Yi Ba

Nura, ranar da aka yi addu'ar Baffanku Sule ka same ni a kicin ina kwashe tuwo, ka tambaye ni ko da gaske ne ni na hana babanku hawa kujerar da jama'a suka zaɓe shi a kanta. Ban amsa maka ba, domin gida cike yake da baƙi, kuma ka san bakina bai iya gajeren bayani ba. Na san ba kai kaɗai ke da tambayar ba. Sadiya ta daɗe tana kewaye-kewaye a kanta, auta kuwa tun tana goye take jin zancen. Kun taso kuna jin dangin ubanku suna kirana 'yar boko mai baƙin ciki, wadda ta tona wa mijinta asiri a gaban manya. To, e, ni na yi. Kada kuma wani cikinku ya karanta wannan yana jiran wurin da zan nemi gafara, babu shi. Sai dai akwai rabin labarin da na riƙe a cikina saboda alkawari, kuma waɗanda aka yi alkawarin dominsu duk sun riga mu gidan gaskiya, saboda haka yanzu zan faɗa.

A shekarar da soja suka ce za su koma bariki, muna zaune a gidan nan na Gyaɗi-Gyaɗi, tun kafin a fasa katangar gaba a yi shaguna. Babanku hedimasta ne a wata firamare a Tarauni. Ni kuma ina koyarwa a jami'a, ina fama da digiri na uku a fannin da ake kira ilimin ma'ana. Har yau in na faɗi sunan fannin sai a gyaɗa mini kai don kara, don haka bari in gaya muku abin da nake yi. Ina bincike ne a kan yadda Bahaushe ke shirya sunayen halittu a cikin kansa, wace kalma ce babba, waɗanne ne ke zaune a ƙarƙashinta. Ba a tambayar mutum kai tsaye a ce mene ne ma'anar kaza, domin sai ya ba ka labarin kakarsa. Zama ake yi da shi da rakoda a yi ta yi masa ƙananan tambayoyi. Kowace kurciya tsuntsu ce? Jemage fa? Jimina da ba ta tashi fa? Kaza tsuntsu ce ko kuwa ita dai kaza ce kawai? Daga inda mutum ya amsa da sauri da inda ya tsaya yana sosa ƙeya ake gane iyakar kalma. Na taɓa haɗa dattawa biyu faɗa a bakin masallaci a kan ko zabuwa tsuntsu ce, har sai da liman ya raba.

Kakarku Inna, mahaifiyar babanku, a ɗakin tsakiya take zaune, kuma ba ta taɓa ɗaukar aikina da daraja ba. Duk lokacin da ta gan ni da rakoda sai ta taɓe baki.

"Ikon Allah. Karatu ya ƙare, an koma tambayar ko kaza tsuntsu ce. Ke 'yar nan, yanka ta ki sa a tukunya, sai ki ji amsa."

Wanda ya ɗauke ni da gaske shi ne babanku, kuma shi ne babban mai ba ni bayani. Mutum ne mai kiwon tattabaru tun yana yaro. Ya rataye tukwane a jikin katangar baya, kowace da masu ita, ya san wadda ta yi ƙwai da wadda mijinta ya gudu. Tsuntsun da zai gilma ta saman gidan nan bai san sunansa ba, ban taɓa gani ba. Zai ce maka wannan hazbiya ce ba kurciya ba, dubi ɗigon fiffikenta da jan da ke kewaye da idonta. Wancan mai dogon wutsiya bardo ne. Yana bambanta shaho da shirwa tun suna can sama kamar ɗigo. In na kunna rakoda sai ya gyara murya kamar mai karanta labarai, yana tsokanata wai in an ba ni digirin a raba biyu, rabi nasa ne. Na so mutumin nan ƙwarai, kuma ba na jin kunyar rubuta muku haka.

Siyasa ba shi ya neme ta ba. Yayansa Alhaji Sule ne ya kawo ta gidan. Da aka buɗe fagen jam'iyyu, mutanen mazaɓarmu suka rasa wanda za su tsayar kansila da ba a taɓa kama shi da komai ba, sai aka ce ga hedimasta, rabin masu ƙuri'a ya koyar da su ko 'ya'yansu. Yaya Sule ya riƙe abin hannu bibbiyu. Kasuwarsa ta kayan gini ta daɗe da durƙushewa, yaran dangi da yawa sun gama makaranta suna zaman banza, kowa ya zuba ido a kan kujerar nan. Inna ma ta sa baki, ta ce a zuri'arsu ba a taɓa samun wanda hukuma ta san da zamansa ba. Aka yi zaɓe lokacin sanyi, babanku ya ci ba tare da wata gardama ba. Aka ce rantsuwa sai farkon damina, in soja sun miƙa mulki. A cikin wannan tazara ne abin ya same mu.

Wata safiya ina so in cike wani gurbi a aikina, na same shi yana watsa wa tattabaru dawa. Hazbiya ta sauka a kan katanga, na nuna ta na ce ya sake gaya mini abin da ya raba ta da kurciya. Ya dube ta ya daɗe.

"Tsuntsu ce," ya ce.

"Na sani, Malam. Wace iri?"

"Tsuntsu dai. Irin na nan."

Na yi dariya, na ɗauka tsokana ce. Na ce hazbiya fa, ko ya manta da mutuniyarsa. Ya juyo ya dube ni da fuskar da ban taɓa gani ba, babu wasa a cikinta ko kaɗan.

"Hazbiya," ya maimaita, tsaf, yadda na faɗa. "Mene ne hazbiya?"

Kowa yana manta suna, ni ma ina yi. Amma wanda ya manta suna, in ka tuna masa sai ya ce yauwa, shi ne. Babanku an ba shi kalmar a hannu, ya juya ta, bai gane ta ba. Na yi shekaru ina nazarin yadda kalmomi ke zaune wata a ƙarƙashin wata, don haka na ga tsarin abin tun kafin kowa ya lura akwai abu. Ƙananan ne suka fara tafiya. Bardo da hazbiya da carki suka narke suka koma tsuntsu. Bayan wani lokaci akuya da tunkiya da karen maƙwabta duk suka zama dabba. Lauje da fatanya suka zama abin aiki. Maganarsa kuwa garau, ba in'ina, ba karkacewar baki, sai dai ta cika da abin nan da wancan abin. Yana salla daidai, karatunsa bai taɓu ba, yana lissafi, yana gane hanya, yana tuna wanda ya zo jiya da abin da aka ci. Wanda ya gaisa da shi a ƙofar gida zai rantse lafiyarsa ƙalau.

Maƙwabciyarmu Maman Chidi nas ce a babban asibiti, mutuniyar kudu, amma a Kano aka haife ta, Hausarta ta fi ta wasu. Ita na fara gaya wa, ta kuma haɗa mu da wani likitan ƙwaƙwalwa. Na ce wa mutanen gida ciwon kai za a duba. Likitan ya yi gwaje-gwajensa, ya nuna masa hotuna, ya yi masa tambayoyin da suka yi kama da nawa har abin ya ba ni haushi. Daga baya ya sa babanku ya jira a waje, ya ce da ni wani sashe ne na ƙwaƙwalwa ke ƙanƙancewa, wurin da ake ajiye sanin abubuwa. Ya ce ba hauka ba ne, ba kuma ya warkewa, gaba zai yi ta yi. Na tambaye shi ko mutum a haka zai iya riƙe muƙami. Ya cire tabarau ya girgiza kai.

Na sami Yaya Sule a shagonsa na gaya masa komai. Na zaci zai girgiza. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce jifa ne, aikin 'yan adawa, wa bai san abin da ake yi a siyasa ba. Na ce likita ya ce kaza.

"Likita ya ce! Rabi, mutumin da ya ja mu sallar magariba jiya shi ne ba shi da lafiya? Ke dai kin saba tambayar mutane abin da ba shi da kai, yanzu kin juyo kan mijinki. Ki bar shi ya sha iska."

"Yaya, bai san mene ne tunkiya ba."

"To tunkiya aka zaɓe shi ya yi kiwo? Ya hau kujera kawai. Sauran aikin ina nan, ni zan tsaya a bayansa."

Nan na gane ya yarda da ni sarai, ya dai riga ya yi shirinsa. Daga ranar gidanmu ya cika da hayaƙi da rubutun sha. Ban hana ba, addu'a ba ta ɓata komai. Abin da ya ƙona mini rai shi ne horon da Yaya Sule ya fara. Ya samo kalmomin rantsuwar kama aiki wajen wani tsoho da ya taɓa yin kansila a mulkin farar hula na baya, kullum bayan la'asar sai ya zaunar da ƙaninsa a zaure yana faɗa yana maimaitawa. Cewa zai riƙe amanar jama'a, zai yi aiki da gaskiya, ba zai fifita kansa ko nasa ba. Maimaitawa kuwa ita ce abin da ciwon bai taɓa ba. Nan da nan babanku ya haddace, yana zubo ta da muryar nan tasa ta rakoda. Ina jin su daga tsakar gida, Yaya Sule yana tafi yana cewa ina masu cewa ba shi da lafiya.

Inna ta ji ƙishin-ƙishin cewa ina so ya janye. Ta kira shi ɗakinta, ta sa aka kira ni don in ji da kunnena. Babanku ya durƙusa a bakin ƙofa yadda ya saba tun yana yaro, da furfurarsa da komai.

"Habu, ban taɓa roƙonka komai ba. Kujerar nan Allah ne ya ba ka, kuma ba taka ba ce kai kaɗai, ta marayun gidan nan ce. In ka bar ta da bakinka, don wata ta zuga ka, ban yafe maka nonon da ka sha ba."

Ya ce to, Inna. Me zai ce? Ku 'yan yanzu kuna musu da ni a kan komai, har a waya, kuma ban ce laifi ba ne. Amma babanku irin mutanen da ne, waɗanda suka yi imani cewa wanda uwarsa ta mutu tana fushi da shi ya taɓe duniya da lahira. Wannan kalma ta nono ita ce ƙarshen magana a wurinsa.

Abin da ba ku sani ba ya faru ne bayan wannan da ɗan lokaci, da hantsi, kuna makaranta, Inna ta tafi barka Unguwar Gano. Na same shi zaune a kan turmi a gaban tukwanensa, kwanon dawa a cinya, bai watsa ba. Ya ce in zauna.

"Rabi, abin nan da Yaya ke sa ni faɗa. Akwai wata a ciki. Amana. Mene ne amana?"

Na ce abin da aka ba ka ajiya, ka riƙe shi har mai shi ya zo. Ya tambaye ni mece ce ajiya. Na kawo misali da kuɗin makaranta da iyaye ke ba shi, ya ɗan gyaɗa kai, na ga kamar ya kama, sai kuma na ga ta suɓuce masa. A aji ina koya wa ɗalibai cewa kalma da kalma ake bayyana ta, kowace tana jingine da 'yan uwanta. Ban taɓa tunanin yadda abin yake ba in 'yan uwan ma suna zubewa. Na yi ta neman wadda zan tsaya a kanta ban samu ba, sai hawaye.

"Bar shi," ya ce. "Na san babba ce. Ina jin nauyinta in na faɗa, amma ban san me ke ciki ba. Kuma ranar nan za su ba ni Alƙur'ani in riƙe, ko ba haka ba?"

Na ce haka ne.

"To ni zan ɗauki littafin Allah in rantse a kan abin da ban sani ba? Sannan Yaya ya yi ta yin abubuwa da sunana, ni ne na rantse? Rabi, kada ki bari."

Na ce ya gaya wa manyan jam'iyya da kansa. Ya girgiza kai, ya nuna ɗakin Inna da haɓa. Da bakinka, haka ta ce, kuma wannan bai manta ba, domin ciwon bai taɓa masa tunawa ba. In ya janye da kansa ya saɓa wa uwarsa. In ya rantse ya yi wa Allah ƙarya. Hanya ɗaya ya gani, kuma ya riga ya gama tunaninta kafin ya kira ni.

"Ke za ki yi. In manyan nan sun zo, ki shigo da tambayoyinki. Irin na tsuntsaye. Ki yi mini a gabansu, su gani da idonsu, su cire ni da kansu. Amma Inna kada ta san daga ni ne. Ko Yaya. Ko yara, don yara suna da baki. Ki yi mini wannan abin, wanda ake cewa an yi, ba a fasawa."

Alkawari yake nufi, ita ma kalmar ta tafi. Na ce na yi. Na san abin da nake saye, ba a rufe ido na shiga ba. Na ji tsoro, na kuma ji haushinsa a ranar, don ya zaɓi ya tsira da uwarsa ya bar ni da ita. Duk da haka na ce na yi.

Ana saura kaɗan a miƙa mulki, shugaban jam'iyya na ƙaramar hukuma ya zo da dattawa biyu su gaisa da zaɓaɓɓen kansila. Alhaji Ɗanladi sunansa, tsohon ɗan kasuwa, mai sanyin magana. Aka shimfiɗa musu darduma a zaure, Yaya Sule yana ta rawar jiki. Ina jin babanku ya gaishe su ɗaya bayan ɗaya da sunayensu, ya tambayi iyali. Yaya Sule ya ce ya ɗan karanto musu rantsuwa su ji, ya karanto tiryan-tiryan, suka ce madalla. Ni kuwa ina kicin na ɗauki faranti, na ɗora mataji da albasa da allura da makulli. Na je katangar baya na ciro ɗan shila guda daga tukunya. Na yafa mayafi na yi sallama a zauren da mace ba ta shiga in akwai baƙi maza.

Suka zaci ruwa na kawo. Na durƙusa na gaishe su, na ajiye farantin a gaban babanku. Yaya Sule ya gane, ya miƙe tsaye.

"Rabi, fita."

"Alhaji," na ce da shugaban, "ku gafarce ni, minti kaɗan nake roƙo. In kun ga rashin kunya ce, ku hukunta ni daga baya."

Alhaji Ɗanladi ya ɗaga wa Yaya Sule hannu. Na juya wajen babanku. Ya dube ni, ya ɗan sunkuyar da kai kaɗan yadda ni kaɗai zan gani. Na ce ya miƙo mini mataji. Ya dubi farantin, hannunsa ya yi yawo a sama, ya ɗauko makulli. Na ce albasa fa. Ya ce albasa, albasa, wacce ce albasa a nan? Wani cikin dattawan ya yi salati a hankali. Ban tsaya ba, don na san in na tsaya ba zan iya ci gaba ba. Na ɗora masa ɗan shilan a tafin hannu. Ya karɓe shi yadda ya saba, ya tallafe ƙirjin, ya shafa bayan da babban yatsa. Duk unguwar nan an san shi da tattabaru, har Malam mai tattabaru ake ce masa kafin a fara cewa kansila.

"Malam, mene ne wannan?"

"Abu ne," ya ce. "Ɗan ƙaramin abu. Nawa ne."

Yaya Sule ya fara faɗa, wai gajiya ce, wai na shirya ne, wai ni na yi masa asirin da kaina. Alhaji Ɗanladi bai ko dube shi ba. Ya matso kusa da babanku, ya yi magana ƙasa-ƙasa kamar mai lallashi.

"Malam Habu, ɗazu ka ce za ka riƙe amanar jama'a. Mece ce amana?"

"Ita nake ta nema a gaya mini, Alhaji."

Alhaji Ɗanladi ya cire hularsa ya riƙe a hannu, ya daɗe yana kallon darduma. Sannan ya ce Allah ya ba da lafiya, ya ce ba za a ɗora wa bawan Allah abin da ba zai iya ɗauka ba, za su san yadda za su yi da hukumar zaɓe. Da zai fita ya tsaya a kaina. Bai gode mini ba, bai kuma zage ni ba. Cewa ya yi, "Malama, kin ɗauko wa kanki."

Ya yi gaskiya. Kafin magariba labari ya gama Tarauni, kowa da irin nasa. Wasu suka ce kishi nake kada ya samu ya ƙara aure. Wasu suka ce 'yan adawa sun saye ni. Matan dangi suka daina amsa gaisuwata a gidan biki. Inna ta haɗa kayanta a ranar ta koma Hotoro wajen Yaya Sule, kuma kafin ta fita ta tsaya a tsakar gida, a gabanku, Nura kana riƙe da ƙofar ɗaki, na san ka tuna.

"Kin tsirara ɗana a gaban maza. Shi ba ruwansa, Allah ya gani, an fi ƙarfinsa ne. Ke kuwa ban yafe miki ba."

Ranar da aka rantsar da sababbin shugabanni, 'yan acaɓa suka cika titi da oda, ana kiɗa ana ihu wai soja sun tafi. Hadari ya haɗo bai zuba ba. Babanku yana bayan gida wajen tukwanensa. Ya tambaye ni hayaniyar me ake yi, na ce rantsuwa. Ya tsaya da hannu cikin kwano, ya dube ni.

"Ban yi ba ko?"

"Ba ka yi ba, Malam."

Ya ce alhamdu lillahi, ya ci gaba da watsa dawa. Ban ƙara jin ya ambaci zancen ba.

Digirin ban gama ba, wannan kun sani. Abin da ba ku sani ba shi ne an ba ni hanyar gamawa cikin sauƙi. Malamin da ke duba aikina da likitan nan duk sun ce in rubuta a kan babanku, ga kaset ɗinsa na da, ga shi yanzu, irin wannan ba a cika samu ba, sunana zai kai ƙasashen waje. Na ce na riga na gwada shi a gaban mutane sau ɗaya, ba zan mayar da shi babi a kundi ba. Na ci gaba da koyar da 'yan aji ɗaya har na yi ritaya, waɗanda na koyar suka zama furofesoshi suna gaishe ni a kan hanya. Wani lokaci abin yana ci mini rai, ba zan ɓoye ba. Kaset ɗin suna cikin akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gadona, in kuna so ku ji muryar ubanku yana bambanta shaho da shirwa.

Sauran shekarun kun gan su da idonku. Tsuntsu da dabba suka tafi, abinci ya tafi, sunayenku suka tafi, duk da yana murmushi in kun shigo. Nawa sunan ya daɗe, daga baya sai dai ya ce da ni wannan. Fatiha ce ba ta bar bakinsa ba har ƙarshe.

Inna ta riga shi rasuwa. Da ciwonta ya yi tsanani aka aiko a kai mata Habu. Ni na sa masa riga na kai shi Hotoro, domin ba ya yarda da hannun kowa. Ɗakin cike da dangi, ba wanda ya matsa mini wuri, na tsaya a bakin ƙofa. Aka zaunar da shi a gefen gadonta. Ta lalubo kansa ta ɗora hannu, muryarta da ƙyar take fita.

"Habu bai taɓa saɓa mini ba, ko sau ɗaya. Ku shaida. Allah ya yi maka albarka, ɗana."

"Albarka," ya maimaita.

Wata ƙanwarta ta sunkuya ta ce, Yaya, ga Rabi nan ma, a yafi juna. Inna ta buɗe ido ta gan ni. Na san in na buɗe baki a lokacin na ce shi ya sa ni, za ta yarda, domin ta san ɗanta, kuma ta san ban taɓa yi mata ƙarya ba. Za ta yafe mini, amma za ta ɗauke hannunta daga kansa. Maganar ta zo mini har maƙogwaro. Na dubi hannun nan a kan furfurarsa, na haɗiye ta. Inna ta juya fuskarta bango, kuma ba ta ƙara juyowa ba.

To Nura, ga amsarka. Babanku ya koma ga Allah bai rantse a kan abin da bai sani ba, kuma da albarkar uwarsa a kansa. Fushinta ni na ɗauka, yana nan a wuyana har yau, ban kuma san yadda za a yi da shi a can ba. In kun tashi yi mini addu'a, ta wannan wajen za ku fara.